Ɗan Farin Goggo Yelwa a Shingen Gwangwan

In kuka ji wani ya ce Goggo Yelwa da taɓin hankali ta mutu, ku ce masa Kande mai fura ta ce ƙarya yake yi. Ni na zauna da ita gwiwa da gwiwa tun ina da haƙoran gaba har suka zube, saboda haka ba wanda zai ba ni labarinta. Hankalinta ya fi na masu yi mata dariya. Abin da ya same ta ne ya fi ƙarfin mutum, kuma a gabana ya faru.

Ni bahaushiya ce ta cikin Gwangwan, gero nake dakawa. Ita kuwa daga rugar bayan rafi take sauko mana da nono, ƙwarya a ka, an lulluɓe da faifai, tana tafe kamar ƙasa za ta fashe in ta taka da ƙarfi. Fura ba ta tafiya ba nono, nono ba ya tafiya ba fura, shi ya haɗa mu. Na kawo dawo, ta kawo kindirmo, mu zauna inuwa ɗaya. Ita ta ce mini Kaɗo mai baki kamar ganga, ni na ce mata Bafillatana mai rowar magana. Haka muka yi ta gwabzawa, ba mu taɓa kwana da fushin juna ba.

Mijinta Maikuɗi, Allah ya jiƙansa, sunan ne kawai. Shanunsa ba su da yawa, kuma bai daɗe ba ya rasu ya bar ta da 'yan mata biyu, Zaituna da Jamilatu. Na daɗe ina zaton su ke nan ta haifa. Sai wata ranar kasuwa wani dogon saurayi ya gitta ta gabanmu, sanda a wuya, ya rataya hannuwa a kanta. Bai kalle mu ba. Yelwa ta juya baya gaba ɗaya ta hau gyaran faifan da ba abin da ya same shi. Can da ya yi nisa ta dama fura, ta yanko man shanu mai yawa ta jefa, irin wanda ko dagaci ba ta sa wa, ta turo mini ƙwaryar.

"Kai wa wancan."

"Wane wancan? Kasuwar nan cike take da wancan."

"Ke dai Kaɗo ba ki da kunya. Na Bappa."

Ranar na san tana da ɗa namiji, kuma shi ne ɗan farinta. Hammawa ake ce masa. Ba daga bakinta na ji ba, Zaituna ce ta gaya mini. Tun daga yaye Bappa, wan Maikuɗi, ya ɗauke shi ya tafi da shi rugarsa can ƙetaren iyaka, ta ɓangaren Kaduna, a can ya girma. To mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, ni kaina ban cika kiran sunan Ilu na ba. Amma tamu wasa ce in aka gwada da tasu. Yelwa ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta zama inda yake zaune. In an ce ɗanta ne sai ta ce na Bappa ne. Shi ma haka, ko kusa ba zai nuna ta ya ce ga innata ba. Amma in ya zo kasuwa, ranar ba ta iya ciniki, sai ta ba mutum nono ta manta ba ta sa masa fura ba.

Na sha ce mata, "Wannan kunyar taku wata rana sai ta ci mutum." Sai ta yi murmushi ta ce wanda bai san kunya ba me ya sani. Da wasa nake faɗa, Allah shi ne shaidata.

Sai rigima ta zo. Shekarun nan ne da aka yanke Katsina daga Kaduna, muka wayi gari iyaka ta kewaye mu ta ko'ina, kowa ya yi ɓarna a nan sai ya tsallaka can. Da kaka shanu suka shiga gonar gyaɗa a wani ƙauye da ake ce wa Unguwar Ɗantala. Manoma suka ce an cinye musu wahalar shekara, makiyaya suka ce an nome burtalin da kakanninsu suke bi. Kowa da gaskiyarsa. Aka sari mutum ya mutu, aka ƙone ruga, aka dawo aka ƙone ƙauyen da rumbunansa. Aka ce mutanen rugar Bappa ne suka sa wutar. Ni ban gani ba, ba zan ɗauki alhakin kowa ba. Abin da na gani shi ne mata da tabarmi a ka suna shigowa Gwangwan, na ƙauye da na ruga, duk kuka iri ɗaya.

Bayan nan aka kawo mana shinge. Masu kaki suka sauka kan hanyar da ta fita gari ta nufi iyaka, gindin wata tsamiya. Suka jera duro, suka gitta gora, suka shimfiɗa katako mai ƙusoshi. An ce haɗin gwiwa ne, wasu daga nan wasu daga can, mu dai kaki kawai muke gani. Da farko har murna muka yi, don an daina ƙone-ƙone. Amma kafin mu ankara shingen ya zama shi ne dagaci, shi ne alƙali, shi ne limamin da ke faɗin lokaci. Ba ka fita gona da adda sai ka yi bayani. Mai naƙuda in ta kama bayan magariba sai ta haƙura ta haihu a gida, don an rufe hanya. Motar rake ba ta wucewa sai an zare musu na tauna, direba kuma ya san abin da zai dunƙule a hannu. Dagacinmu da rawaninsa sai ya sauko daga kan babur ya tura. Kai, mun ga ƙasƙanci!

Samarin Fulani kuwa su suka fi shan ta. Duk wanda aka gani da sanda sai an sauke shi. A zaunar da su a rana, a sa su tsallen kwaɗo, a aske wa mai kitso kansa. Dokar ita ce in kai ɗan nan ne, a sami uba ko uwa ko mai unguwa ya ce ya san ka, sai a sake ka. In ba a samu ba ka gasu har la'asar, ka sha mari, sannan a kore ka. Mun ga haka har ya daina ba mu mamaki.

Faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa. Da muka ga motoci suna yin layi a wurin, mutane na jin ƙishi, sai muka kwashi ƙorenmu muka koma gindin tsamiyar. Masu rake suka biyo mu, mai ƙosai ta biyo. Kasuwa ta kafu a bakin bindiga. Shugaban masu kakin wani ne da muke ce wa Saja Dogo, mutumin nesa ne, Hausarsa guntu-guntu. Ba zan ce shi ne mafi mugunta a cikinsu ba. Yana son kindirmon Yelwa kamar me, yana ce mata Mama, in yaransa suka sha suka ƙi biya sai ya daka musu tsawa. Ya yarda da ita ƙwarai, ya ce duk wurin ita kaɗai ce ba ta ƙarya. Wannan yardar ita ta kashe mu.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwa ce, da hantsi, wurin ya cika maƙil. A-kori-kurar Gwadabe direba ta taho daga ɓangaren iyaka, mutane har kan ƙarfe. Aka tsayar, aka ce kowa ya sauko. Ina ɗaga kai na ga Hammawa. Ya rame, riga ta yage a kafaɗa. Ashe rugar Bappa ta watse, shanu sun bi daji, shi ne ya ce bari ya zo wurin ƙannensa ya fake. Aka ware shi da wasu samari aka zaunar a rana. Na ji ludayin Yelwa ya tsaya cak a cikin ƙwarya, amma ba ta ɗago ba.

Gwadabe mutum ne mai kirki duk da bakinsa ba linzami. Ya je ya durƙusa wa Saja ya ce, "Ranka ya daɗe, wancan dogon ɗan nan ne. Ga uwarsa can, mai nononka."

Saja ya yi fara'a, wallahi har da dariya. Ya kamo hannun Hammawa ya jawo shi har gabanmu. Jama'a suka zagaye, maza manya, har da dattawan ruga da suka zo sayar da raguna, surukanta suna cikinsu. Ya ce, "Mama, wannan yaron ka ne?"

Na dube ta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya ta kalli gindin tsamiya.

"Mama, magana. Yaron ka ne?"

Da wata 'yar murya ta ce, "Na Bappa ne."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Duk wanda ke wurin ya san abin da take nufi, duk wanda ya sha nonon ƙasar nan ya san haka uwa take amsawa. Amma Saja bai sha ba. Abin da ya sani shi ne sunan Bappa, sunan da aka ba su tun daga sama aka ce mutanensa ake nema. Fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya juya ga Hammawa ya ce, "Kai, wannan maman ka ne?" Ɗan banzan yaron nan, Allah ya yafe mini, sai ya sunkuyar da kai ya hau tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa.

Na miƙe tsaye, zanina har yana kwancewa. Na ce, "Saja, wallahi tallahi ɗanta ne! Ita ta haife shi! Kunya ce, al'adarsu ce, ba sa faɗa!" Gwadabe ya kama, mai rake ya kama, kowa na magana lokaci ɗaya, ba a jin ta kowa. Saja ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya sunkuya daidai fuskarta, a hankali, kamar mai lallashi, ya ce to in ɗanta ne ta faɗi sunansa kawai, ya tafi.

Suna fa. Kalma ɗaya. Na tsuguna na kama gwiwarta na ce, "Yelwa, don girman Allah faɗi. Rufe ido ki faɗi. Ba wanda zai zarge ki." Na ga leɓenta ya buɗe. Na rantse muku ya buɗe. Sai ta kalli inda dattawan rugar suke tsaye, ta kalli ƙafafun yaron, leɓen ya koma ya rufe. Dattawan nan kuwa ko ɗaya bai ce mata faɗi ba, kowa ya sa ido a ƙasa yana tsoron kada a ce shi ma na Bappa ne.

Na ce, "Hammawa ne sunansa!" Saja ya ce ba ni ya tambaya ba. Ya ce uwa ta ce ba nata ba ne, yaro bai ce uwarsa ce ba, ni mai fura na fi su sani? Ya ce Mama ba ta ƙarya. Aka mai da Hammawa rana.

Na zage ta ranar, ban rage ba. Ta bari na gama sannan ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ba la'asar suke sakinsu ba? Zai sha rana ne kawai. Namiji ne." Ta dama fura ta sa man shanu ta rufe da faifai, ta ajiye a gefe tana jiran la'asar. Kun ga abin da ya sa nake cewa ba hauka ba ne. Lissafinta daidai ne da abin da muka saba gani. Wa ya san ranar ta bambanta?

Ana kiran azahar wata babbar mota mai rufin tamfol ta iso. Wani mai tauraro a kafaɗa ya sauko, Saja ya ƙame. Aka yi magana da Turanci. Aka saki samarin da aka samu masu shaidarsu, aka tasa ƙeyar sauran zuwa motar, Hammawa a ciki. Yelwa ta miƙe, ƙwarya ta kife, nono ya malale har ƙarƙashin duro. Ta yi taku biyu ko uku ta tsaya. Shi kuma da zai hau ya waiwayo, bai kalle ta ba, ni ya kalla, ya ce, "Inna Kande, a gaida su Zaituna." Motar ta juya. Ko ta nufi Karaye ne ko ta tsallaka iyaka, mutane har yau gardama suke yi, don a mararraba ta ɓace mana.

Washegari tun da sassafe ta zo ƙofar gidana. Ba sallama mai tsawo, ba ina gajiya. Ta ce, "Kande, ki raka ni. Ke kike da baki."

Mun yi yawo, 'yan'uwa. Saja ya ce shi bai san inda ake kai su ba, aikinsa tsarewa ne, kuma na ga alamar abin ya dame shi, amma damuwarsa ba ta buɗe ƙofa ko ɗaya ba. Bai jima ba aka sauya shi. Muka je Rogo aka ce mu je Karaye. A Karaye aka ce ai ba mutanenmu suka ɗauka ba, na can ɓangaren ne. Muka sayar da karsana muka tsallaka, can kuma aka ce a ƙasarku aka kama shi, me ya kawo ku nan? Muka je Kano, birnin da Yelwa ba ta taɓa gani ba, muka wuni a bakin wata ƙofar ƙarfe da abinci a ƙulle, aka karɓi abincin aka ce babu mai wannan sunan. Dagaci ya ce ya yi magana. Ardo ya ce a yi haƙuri a yi addu'a. Bappa kansa ba a san inda ya shiga ba. Duk inda muka je sai an tambaya wa ake nema, sai ta taɓa ni da gwiwar hannu, ni na faɗa. Wani ma'aikaci har ya ce to wai wace ce uwar a cikinku? Na ji kamar na shaƙe shi, na ji kamar na shaƙe ta, na rasa wanda zan shaƙe sai na fashe da kuka a gaban mutane.

Aka yi ta kawo labari. Wani ya ce ya gan shi a kurkuku, wani ya ce zazzaɓi ya kashe wasu a tsare an binne su ba suna, wani ya ce an sake su sun bi shanu kudu. Ba gawa balle a yi sadaka, ba rai balle a yi murna. Wannan zaman tsakiyar ya fi mutuwa ciwo, ni dai haka na gani.

Da ƙura ta lafa aka kwashe shingen. Suka bar duro ɗaya da ya huje da tokar wutar da suke hurawa. Kasuwar ta tashi, kowa ya koma cikin gari, ban da Yelwa. Ta ce in ya dawo ta nan zai biyo. To ni ya zan yi, na bar ta ita kaɗai a bakin hanya? Na bi ta. Ciniki ya mutu, Ilu na ya yi ta faɗa wai na zama baiwar Bafillatana, na ce ya rufe mini baki tun ban tona masa asiri ba. Zaituna da Jamilatu suka yi aure, suka yi juyin duniya ta koma wurinsu ta huta, ta ƙi. Kullum akwai ƙwarya ɗaya da man shanu a gefe, in la'asar ta wuce ta ba duk wanda ya gitta.

Wasu shekaru suka shuɗe, aka sake wata rigimar, wannan karon ɓarayin shanu. Sai ga sabbin masu kaki, sabbin duro, a gindin tsamiyar dai. Ranar farko da aka zaunar da samari a rana, ban ankara ba na ga Yelwa ta miƙe. Matar da ba ta iya kallon namiji a ido ta ratsa cikin bindigogi ta dafa kan wani yaro da ba ta taɓa gani ba, ta ce da ƙarfi, "Wannan ɗana ne. Ni na haife shi." Aka sake shi. Kashegari ta sake, aka saki. Da abin ya yi yawa suka gane, suka hau dariya, suka ce ga mahaukaciya mai 'ya'ya dubu. Daga nan ko ta faɗa ba a ji, sai a ture ta gefe da gindin bindiga. A nan maganar hauka ta samo asali. Ku gaya mini, ina haukan yake?

Ƙarshenta ciwon ƙirji ya kama ta da damina. Ba ta iya ɗaukar ƙwarya, amma takan lallaɓo ta zauna kusa da ni. Wata rana da yamma, an ɗauke ruwa, motoci sun yi layi, ta jawo gefen zanina.

"Kaɗo."

"Na'am, mai rowar magana."

"Saurara ki ji ko na iya."

Ban gane ba sai da na ga ta gyara zama, ta sauke mayafin daga fuska, ta kalli hanyar iyaka. Ta ce, "Hammawa." Muryar ta fito a shaƙe kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Ta sake faɗa, ya fita sosai. Tun da ta haife shi ranar ce ta fara, kuma ba wanda ya ji sai ni da wani mai kaki da ke sakace haƙori, ya waiwayo ya ga tsofaffi biyu ya kau da kai.

Ta ce, "Na faɗa daidai?"

Na ce, "Daidai, Yelwa."

Ta ce, "To. In sun sake tambaya, na shirya."

Ba wanda ya sake tambayarta. Kafin a yanke gero muka kai ta.